Kar a matsa miki a shagon kaya: amsa ga mai shirin zuwa hutu Dubai da Istanbul

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce za ku je hutun ƙarshen shekara ke da maigida da yara, ku fara da Dubai sannan ku wuce Istanbul, kuma abin da ke damunki shi ne abin da ya samu yayarki bara, da aka shigar da su wani shagon rigunan fata a Turkiyya ta fito da riga mai tsadar gaske wadda ba ta taɓa niyyar saye ba, har yau tana cikin akwati don ko a hunturun Kaduna ba ta sakuwa. Kina tambaya ya ake yi mutum da hankalinsa ya faɗa irin wannan, kuma ya za ki yi ke ki kauce.

Toh ni sana'ata kenan, saro abayoyi da mayafai da jallabiyoyi nake ina sayarwa a nan Kaduna, na san yadda mai shago ke tunani don nima mai shago ce, kuma na sha zama a waɗancan shagunan ina kallon yadda ake juya baƙi. Da farko ki gaya wa Yaya ta daina cin zuciyarta, ba wauta ta yi ba, tsari ne aka shirya tun kafin ta sauko daga mota, mutane masu digiri da manyan 'yan kasuwa duk suna faɗawa.

Kinga idan kika shiga Kasuwar Barci ko kasuwar Sheikh Gumi, mai shagon ya san za ki dawo, ko ke ko ƙanwarki ko maƙwabciyarki, in ya tsuga miki kuɗi yau gobe labari ya zaga unguwa, shi ya sa ko ba don Allah ba dole ya yi hattara. Amma mai shagon da ya dogara da masu yawon buɗe ido ya san jirginki zai tashi jibi, ciniki ɗaya ne tsakaninku har abada, don haka duk abin da zai samu a wurinki yau zai same shi, kafin ki taka ƙofar nan ki fita. In kin riƙe wannan za ki gane dalilin duk abin da suke yi. Ba sa tsoron ki raina kayan, ba sa tsoron tayinki komai ƙanƙantarsa, abu ɗaya suke tsoro, ki ce bari in zaga in dawo.

Sai maganar wanda ya kai ki shagon, wannan ita ce mutanenmu ba sa lura da ita. A Turkiyya in kun biya kuɗin zagayen gari, ko na zuwa Efes ko Kafadokiya, za ki ga cikin jadawalin an saka tsayawa a "masana'antar fata" ko wurin saƙar kafet, wai don ku ga al'ada. Sau da yawa jagoran da direban da kamfanin da ya shirya tafiyar kowa na da la'adarsa a kan duk abin da kuka saya, kuma ba daga aljihun mai shago take fita ba, an riga an ɗora ta a kan farashin da za a faɗa miki. Shi ya sa wani zagayen za ki ga kuɗinsa araha kamar kyauta, a shago ake fanshewa. A Dubai ma haka ne, yaran nan da ke tsaye bakin titi a Deira, wajen Naif da Baniyas, suna ta kiran Hajiya Hajiya zo ki ga abaya, 'yan kamasho ne, wasunsu ma 'yan Afirka ne 'yan uwanmu kuma suna jin Hausa rangaɗaɗau. Ban ce a wulaƙanta su ba, neman abinci suke, ki amsa gaisuwa ki wuce, amma ki sani duk shagon da wani ya rako ki, farashin ya tashi tun kafin ki buɗe baki. A Bankok ta ƙasar Tailan ma sanannen abu ne, mai keke napep ɗin can zai ce miki fadar sarki a rufe take yau, bari ya kai ki wani wuri, ƙarshenta a shagon tela za ki tsinci kanki.

Bari in zana miki yadda na rigunan fatar yake, don in kin ga farkonsa ki gane. Ana sauke ku daga bas a shigar da ku wani ɗaki mai sanyi da kujeru a jere, a miƙo wa kowa shayin tuffa a ƙaramin kofin gilashi, a rage haske a saki kiɗa, samari da 'yan mata su fito suna taku da rigunan, kowace riga da lambarta, an ba ki takarda da biro ki rubuta lambar wadda ta burge ki. Wani lokacin har a jawo mutum biyu daga cikinku a saka musu riga su ma su taka, ana tafi ana dariya, jiki ya saki. Ana gamawa sai a buɗe wata ƙofa, ba wadda kuka shigo ta ciki ba, ku faɗa cikin babban shagon, nan take kowa ya samu mai bin sa. Ya karɓi takardar hannunki, ya ɗauko rigar, kafin ki ce wani abu ta hau kafaɗarki, ya tsayar da ke gaban madubi yana gyara miki wuya, ya murɗe hannun rigar ya sake ya nuna miki ba ta yamutse ba, wani ma ya kunna laita ya gifta a jiki wai ki ga fata ce ta gaske. A jikin rigar an rubuta wani farashi mai firgitarwa, misali yuro 1,500, sai ya ce amma ku tawagarku an yi muku ragin rabi, in kin yi shiru ya je ya kira manaja, manajan ya zo yana shafa gemu ya ƙara ragewa, ya ce dan Allah kar ki faɗa wa sauran. Can waje direba ya tada mota, jagora na duba agogo yana cewa saura minti goma. Toh a wannan yanayin, wadda aka faro mata daga 1,500 aka sauko 600 gani take ta ci riba, ba ta da lokacin da za ta tambayi kanta shin wai nawa ne rigar a gari, kuma ma ina zan saka ta. Giftawar laita na daƙiƙa ɗaya ba ta tabbatar da komai, kuma ko da fatar ta gaske ce, Turkiyya dai suna da fata mai kyau ba ƙarya, matsalar farashin ce da kuma sayen abin da ba ki buƙata.

Abin da ya fi cin mutanenmu a wurin nan kuwa kunya ce, kuma wallahi ita nake so ki fi kula da ita. An raine mu a kan cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in mutum ya ba ki wurin zama, ya ba ki shayi, ya ba yaranki alawa, ya sauko miki da kaya kala ashirin daga saman kanta yana gumi, sai ki ji nauyin tashi hannu rabbana. Su kuma sun san da haka, da gangan ake baje kayan da yawa, da gangan ake farke ledar sabo a gabanki. Shayin nan kuɗinsa na cikin lissafin shago kamar kuɗin wuta, ba bashi ba ne a kanki, ninke kaya kuma aikinsa ne, nima a shagona ina ninke abin da aka baje ba a saya ba kullum ta Allah, ban taɓa riƙe kowa a rai ba. In kin san ba ki iya ƙin saye bayan kin sha, toh kar ki sha, kar ki zauna, ki yi cinikinki a tsaye kusa da ƙofa.

Akwai kuma amfani da addini, wannan ya fi yi min ciwo. Da ya gan ki da hijabi sai sallama ta ƙaru, 'yar uwata Musulma, Najeriya mutanen kirki, wallahi tallahi haka na saro, wallahi faɗuwa zan yi. Kin san yawan rantsuwa a ciniki abu ne da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kai, tana sayar da kaya amma tana shafe albarka, don haka in rantsuwa ta yi yawa ke ki ƙara buɗe ido. Wani shagon ma har da ɗan zuga, wani ya shigo kamar mai saye ya ɗauki abayar da kike juyawa ya ce shi zai biya fiye da haka, wannan shi ne najashi da malamai ke cewa an hana. In kin ga haka ki ce Allah ya sa alheri ya ɗauka, za ki ga babu inda ya je da ita. Masu zuwa Umara ma su kula, a shagunan da ke kewaye da Harami a Makka da Madina masu sayarwa da yawa sun iya Hausar ciniki, araha Hajiya, kyauta Hajiya, mutum ya ji harshensa a bakin baƙo sai zuciya ta yi laushi ya manta da lissafi.

Na Dubai salonsa daban ne, babu taku babu kiɗa, kalkuleta ce da almakashi. Zai danna 450 ya juyo miki da ita ya ce ke nawa za ki biya, yana tura miki ita a hannu. Da zarar kin danna lamba kin shiga, don ko nawa kika rubuta yanzu daga lambarsa ake auna taki, kuma in ya sallama kika ce kin fasa sai ya ɗaga murya ya ce ai ke kika taya. A nan yana da 'yar gaskiya, ko a Kaduna ba a taya kaya a sallama sannan a gudu, don haka kar ki taya abin da ba ki yanke shawarar saye ba, ko da wasa. Sannan ki riƙa juya kuɗin a kanki, dirhami a ɗaure yake da dala, dala ɗaya dirhami 3.67, kenan 450 ɗin nan ta haura dala 120, ki buga da canjin ranar ki ga nawa ne a naira, sau da yawa za ki ga irin abayar tana nan a Ahmadu Bello Way ƙasa da haka, an riga an biya mata kago da kwastan. Mutane na mantawa da wannan, lambar dirhami ƙarama ce a ido sai a riƙa kashe ta kamar ba kuɗi ba.

Almakashin kuwa, yawancin shagunan abaya suna da tela a ciki ko a maƙwabta. Kina gwadawa zai durƙusa ya naɗe ƙasan ya soka allura ya ce ta yi miki tsawo, minti biyar a rage, kafin ku gama magana an wuce da ita ciki, in an yanke shikenan ta zama taki a farashin da ya ga dama. Haka masu yadi a kasuwar yadi ta Bur Dubai, kina cewa wannan ya yi kyau sai ki ji ƙaras an tsaga. Ki faɗa da babbar murya tun farko, kar a yanka komai sai mun gama ciniki, kuma ki tabbatar farashin na yadi ɗaya ne ko na mita ko na duka, abayar da mayafinta ne ko ita kaɗai, gyaran tela a ciki yake ko daban. In ɗinki ne za a yi wa maigida, kwat ko jallabiya, kar ku biya duka, kafin alƙalami kawai, kuma kar ku yarda a ce za a kawo otal daren da za ku tafi, don an san a lokacin ko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba ku da yadda za ku yi. Kwat mai kyau sai an gwada sau biyu ko uku.

A kan ingancin kaya, sunaye ne ake sayar wa baƙo. Kowane mayafi fashmina ne, kowane mai sheƙi siliki ne, kowane fari audugar Masar ce. Fashmina ta gaske daga gashin wata akuya ake yin ta ta tsaunukan Ladak, a saƙa da hannu a Kashmir, ba abin da za a tara a kwando bakin titi ana ba da uku a dirhami 50 ba ne, kuma zura mayafi ta cikin zobe da suke yi ba hujja ba ce, na biskos ma, wato zaren masana'anta mai kama da siliki, yana wucewa sumul. Gwajin da na fi yarda da shi na zare ne, a zaro sili ɗaya daga gefe a ƙona. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi, tokar ta murmushe a yatsa, auduga da biskos warin takarda suke, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan, wani ma shi zai miƙo miki laitar. Abaya kuma ki ɗaga ta a hasken waje ba na shago ba, baƙi kala kala ne, wani a rana ja-ja yake yi, ki juya cikin ki duba ɗinkin, ki sa farce ki taɓa duwatsun ki ji ko manne su aka yi da gam. Wanda ya ce ki bi shi wani bene a lungu ya nuna miki jakunkuna masu suna, kamar yadda ake yi a unguwar Karama ta Dubai, jabu ne, kuma bin baƙon mutum ɗaki a rufe da yara a hannu ba abin yi ba ne ko da kayan na gaske ne.

Wurin biya ma a kula. In da kati ne, ki karɓi na'urar ki kalli allon da idonki kafin ki danna lambobin sirri, ki ga adadin ki ga kuma wane kuɗi ne, don 900 na lira, kuɗin Turkiyya, da 900 na yuro sama da ƙasa ne. In na'urar ta tambaya ko a cire da dala ko da kuɗin ƙasar, zaɓi kuɗin ƙasar, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na banki tsada. Ki karɓi rasit mai sunan shago, a rubuta abin da aka sayar miki ƙarara, in ya ce siliki ne zalla ya rubuta haka, a nan ne za ki ga wasu sun fara kame-kame. Za su kuma ce miki ai za a mayar miki da haraji a filin jirgi. A Dubai harajin kaso 5 ne cikin ɗari tun 2018, ba duka ake mayarwa ba, sai sayayyar ta kai dirhami 250, kuma sai shagon yana cikin tsarin kamfanin Planet mai kula da mayar da harajin, ya shigar da fasfonki a take. Kaso 5 ba ya rufe tsadar da aka ninka.

Doka akwai, ban ce babu ba. Daular Larabawa na da dokar kare mai saye ta 2020, kuma hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai tana karɓar ƙorafi, ambaton ta kaɗai da rasit a hannu yakan sa mai shago ya sauko. Turkiyya na da doka mai lamba 6502, amma kwana 14 na fasa ciniki da ke cikinta na sayayyar intanet ne da wadda aka yi a wajen shago, abin da kika shiga shago kika gani kika biya, in ba aibi gare shi ba, ba dole ne a karɓa ba. Mai kwana biyar a gari kuma ina ta ga lokacin bin ofisoshi. Shi ya sa na fi ƙarfafa a tare abin tun a ƙofa.

Yadda zan ba ki shawara ki yi shi ne, ranar farko kar ki sayi komai, ki fita kallo kawai, kuɗin ma ki bar mafi yawa a otal. Shiga manyan kantuna masu farashi a rubuce tukunna, a Istanbul irin su LC Waikiki da DeFacto da Koton inda 'yan gari ke saye, ki san ainihin kuɗin riga da wando da kayan yara, sannan ki shiga babbar kasuwar nan mai rufi ta Kapalicarshi, wadda ke da shaguna wajen 4,000 kuma tun zamanin Sultan Muhammad Fatih take, ki sha kallo don ta cancanci gani, amma ki san kuɗin hayar wurin a kan baƙi yake. Unguwannin Laleli da Osmanbey da Merter na 'yan sari ne, da yawansu ba sa ba da guda ɗaya, sai jeri. A Dubai ki tambayi abu ɗaya a shago uku ko huɗu a Naif, kasuwar a haɗe take, kafin ki kai ƙarshen layi kin san farashinsa. Ke da maigida ku yi magana tun a ɗaki, nawa za a kashe, wa da wa za a yi wa tsaraba, a rubuta, don suna da dabarar raba mata da miji, ɗaya ya ja Alhaji gefe yana ce masa irin wannan mata ai ba a hana ta abu, shi kuma don kar a ga gazawarsa a gaban iyali sai ya zaro kati. In zagaye kuka biya, ku tambaya tun kafin biya ko akwai tsayawa a shago, in akwai kuna da damar zama a mota ko ku tsaya a waje, babu wanda zai tilasta ku shiga.

Fita kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Kar ki ce ya yi tsada, zai rage. Kar ki ce ba kalar da nake so, zai kawo. Kar ki ce ban zo da kuɗi ba, zai ce yaro ya raka ki otal ko wurin cirar kuɗi. Duk dalilin da kika bayar kin ba shi abin kamawa ne. Na gode kawai, da murmushi, ki cire rigar ki ajiye a kan kanta ba a hannunsa ba, ki kama hannun yaranki ki nufi ƙofa. In ya biyo ki da sabon farashi ki saurara ki riƙe a kanki, gobe ma za ki same shi a haka, maganar yau kaɗai ce ranar ragi kullum ake faɗinta. In wani ya tare hanya ko ya riƙe miki mayafi, ɗaga murya, a ƙasashen biyu duk ba sa son abin da zai jawo ɗan sanda shagonsu.

Rigar Yaya kuwa, tunda shekara ta zagayo mayarwa ba za ta yiwu ba, banki ma ba zai saurari ƙorafin cinikin da ta danna lambobinta da kanta ba. Ta fito da ita daga akwati da leda, fata ba ta son rufewa, damina ɗaya sai ta yi fumfuna, ta rataye ta inda iska ke shiga ba rana. In tana son rage asara ta nemi masu 'ya'ya da ke karatu a Ingila ko Kanada ko Rasha, ko mutanen Jos, su ne za su taya da daraja, amma ta sa a ranta ba za ta mayar da kuɗinta duka ba.